Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Tambayar da Na Sauya

A makon jiya na tsaya a kan taron da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 1982, wanda ya haifar da ƙungiyar kare haƙƙin mata mai suna Women in Nigeria, wadda Ayesha Imam na cikin waɗanda suka assasa ta. Ina ɗalibar ilimin zamantakewa a lokacin, kuma abin da ya zauna mini a rai daga muhawarar shi ne, ba a gane halin da mace take ciki sai an san inda abincinta yake fitowa. Da wannan tunani na shiga cikin birnin Kano domin binciken kammala karatu, riƙe da takardar tambayoyi.

A gidan farko na tarar da wata dattijuwa tana matsar man gyada. Bayan mun gaisa ta shimfiɗa mini tabarma, sai na ce, "Inna, wane aiki kike yi?"

Ta ce, "'Yar nan, ai ni ba na aiki, Malam ne ke fita."

Haka na rubuta. Ban ɗaga alƙalami ba sai ga jikarta ta dawo daga talla da faranti a kai, ta zube ciniki a gabanta. Inna ta ƙirga, ta ware kuɗin gyadar gobe, ta ware zubin adashi, sauran kuma ta ƙulle a bakin zane, ta ce na kayan ɗakin yarinyar ne. A nan na gane cewa laifin tambayata ne, domin a kunnenta aiki shi ne na albashi, abin da take yi kuwa sunansa sana'a. Da na sauya wannan kalma guda, sai matan kulle suka riƙa lissafa mini ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula da kitso, har da bashin da wasunsu ke bai wa mazajensu idan cefane ya gagara. Har yau ina takaicin yadda ƙididdiga take rubuta irin waɗannan mata a sahun marasa aikin yi.

Sai dai yarinyar ta tsaya mini a rai. Tun 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta, amma ita farantin talla ya hana ta shiga aji, kuma idan ta ajiye shi jarin kakarta ya karye. A mako mai zuwa zan kawo yadda na koma gidan domin mu yi wannan magana da Inna.