Kofin da ya riga ya yi ɗumi

A watan Janairun 2018, da aka fallasa Meltdown da Spectre, wasu kafofin satar sirri a cikin firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), ni ke kula da sabar wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta a Sabon Gari, nan Damagaram. Sabar, wato babbar kwamfutar da kowa ke shiga, tsohuwa ce, tsarin Linux ke kanta, ɗalibai kuma na shiga su gudanar da manhajojin da suka rubuta da hannunsu.

Sai da na kwana biyu kafin na gane matsalar, kuma wajen mai shayi na gane ta. Ya hango ka tafe, ya zuba maka tun ba ka buɗe baki ba. In ba shayi ya kawo ka ba, sai ya mayar cikin buta. Amma kofin ya riga ya yi ɗumi, duk wanda ya taɓa ya san an zuba. Haka firosesa take: don sauri tana yin aiki bisa hasashe, in ta yi kuskure ta janye, sai dai sawun na nan a ma'ajiyarta ta kusa. Mai wayo ya auna lokacin da ake ɗauka wajen karanto bayani daga ma'ajiyar, ya tsinto sirrin kernel, wato zuciyar Linux mai iko da na'urar, ɗaya bayan ɗaya.

Don kariya daga Meltdown, na sa sabon kernel mai KPTI, wanda ke raba taswirar adireshin kernel da ta manhajoji. Sabar ta yi nauyi, don duk kiran da manhaja ta yi wa kernel sai an sauya taswira. Maigidana ya leƙo ya ce, "Malam, wannan gyara ne ko ɓarna?" Kunya ta sa na rubuta nopti na kashe kariyar. Da dare na kasa barci: ai ainihin haɗarin shi ne mutane da yawa kan na'ura guda, kowa na gudanar da abin da ya ga dama. Da asuba na mayar.

Kuskurena na biyu, na ɗauka kernel kaɗai ya isa. Da na duba /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities, inda Linux ke nuna kariyar da ke aiki, layin spectre_v2 ya nuna akwai kariyar retpoline amma babu ta IBPB, wadda sai da sabon maikurokod (manhajar cikin firosesa kanta) take samuwa. Na sa shi, na sake tayar da sabar.

A watan Mayun 2019 wata kafa irinsu mai suna MDS ta fito, na ƙara umarnin nosmt, kowace ƙwayar firosesa ta koma aiki da zare ɗaya, wato layin aiki guda a lokaci guda. Ɗalibai sun yi gunaguni mako guda. Kwamfutar rajista kuwa, da ba ta da intanet kuma ni kaɗai ke taɓa ta, na bar ta da mitigations=off, wato kariyar a kashe, har yau.