Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar maiɗakina

Assalamu alaikum. Da yardar maiɗakina nake rubuta wannan saƙo, kuma ita ce ta ce kada in sakaya sunan ciwon, wato ciwon damuwa na bayan haihuwa. Wata takwas ke nan da ta haihu, a makon jiya kuma likita ya ce daga yanzu sai bayan wata uku za ta riƙa komawa asibiti. Alhamdu lillahi.

Bayan suna da 'yan kwanaki abin ya fara. Barci ya ƙaurace mata, kunun kanwa ya riƙa hucewa a kwano ba ta taɓa ba, jaririya tana tsala kuka ita kuwa ta ƙura wa bango ido. Mun ɗauka gajiyar jego ce, da arba'in ta gabato babu sauƙi sai aka koma raɗe-raɗin iska.

Godiyata ta farko ga ma'aikaciyar jinyar da ke asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu take. Ranar allurar rigakafi ta mako 6, bayan ta gama da yarinya, sai ta dubi uwar ta ce, "Maijego, ke fa, kina samun barci?" Tun da aka haihu babu wanda ya yi mata wannan tambaya, har da ni. Nan take ta fashe da kuka. Baiwar Allah ta ja ta gefe ta saurare ta, sannan ta kira ni ta shaida mini cewa wannan ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, ta rubuta mana takarda zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa a nan Kaduna.

Takardar ta yi mako biyu a aljihuna, saboda ina jin nauyin a ce an ga matata a wurin da jama'a ke kira asibitin mahaukata. Limamin masallacinmu ne ya kwance mini wannan ƙulli. Ya tuna mini cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ya ce mu riƙe addu'a mu kuma tafi wurin likita. Malam, Allah ya ƙara wa rayuwa albarka.

A Barnawa mun yanki kati muka bi layi tare da ɗalibai, 'yan kasuwa da dattawa, kowa cikin kamalarsa. Likitan da ya duba ta ya gaya mana cewa, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa tana gamuwa da irin wannan larura bayan haihuwa. Ya zaɓa mata maganin da bai hana shayarwa ba, ya gargaɗe mu cewa sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya don an ji sauƙi. Ita kuwa ƙwararriyar da ke zama da ita suna tattaunawa, ni ma ta zaunar da ni, ta nuna mini cewa "ki yi haƙuri, ki cire damuwa" da nake ta maimaitawa ƙara mata nauyi yake yi. Ina gode musu matuƙa.

Hajiya surukata ta bar gidanta wata uku tana kwana da jaririya domin 'yarta ta samu barci. Hajiya, ba ni da bakin gode miki, sai dai Allah ya saka da Aljanna.

Wasu 'yan uwa sun tambaye ni a asirce ina za su dosa. Na Sakkwato akwai asibitin Kware, na Kano akwai Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Maiduguri ma tana da nata na tarayya. Wanda ya yi nisa da waɗannan ya fara da babban asibitin garinsu ya nemi takardar turawa.

Waɗanda suka zo dubiya aka ce musu tana barci, a gafarce mu, a lokacin ba ta iya ganin jama'a. Yanzu tana maraba da ku, musamman bayan la'asar.