Inda Na Kai a Koyon Ɗinkin Takalmin Kamik na Inuit

'Yan uwa masu koyon dukanci, ga bayanin inda aiki ya tsaya a ƙoƙarina na koyon ɗinkin nan da ruwa ba ya ratsawa, wanda matan Inuit na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska suke yi wa dogon takalminsu mai suna kamik. A wurinsu jikin takalmin fatar natsiq ce, wata dabbar teku da ke huda ƙanƙara don ta shaƙi iska, tafin kuma ana yanko shi daga fatar ugjuk, babbar 'yar uwarta mai kaurin fata. Tun da ba mu da ko ɗaya daga cikinsu, da fatar akuya nake gwada jiki, tafin kuma da ƙirgi mara kauri sosai.

Ɗinkin, wanda suke kira ilujjiniq, layi biyu ne, kuma babu inda allura take huda fatun biyu gaba ɗaya. A layin farko allura tana shiga rabin kaurin fata ɗaya ta fito ta gefen da ta shiga, sannan ta ratsa ta biyun. Idan an juya aikin, sai a yi layi na biyu a cikin naman wadda aka ratsa ɗazu, ba tare da an ɓulla waje ba. Saboda haka ruwa ba ya samun ƙofar da za ta kai shi ciki kai tsaye. Wannan mataki yanzu ya zauna mini a hannu, kuma abin da ya taimaka shi ne ajiye basilla gefe, domin raminta ya fi zaren faɗi, tare da komawa ga irin riƙon da matan Inuit suke yi: a sa kariya a yatsa manuniya, a tura allura da ita, a jawo ta zuwa wajen ƙirji. Idan fatar tana da ɗan damshi, mutum yana jin lokacin da tsinin allura yake tafiya a tsakiyar nama, kuma yana ganin ɗan tudun da take tayarwa a ɗaya gefen kafin ta huda.

Zare ne ya fi ɗaukar hankalina. Nasu jijiyar gadon bayan karibu ce, barewar ƙasar ƙanƙara, wadda ake busarwa a tsattsage ta siri-siri. Na karɓo jijiyar bayan sa a wurin mahauta, na kankare kitsen, na shanya a inuwa, na kuma ɗinka ƙananan jakunkuna iri biyu, wasu da ita wasu da zaren roba, na cika su da ruwa na rataye. Na roba sun riƙa tsatsa ta bakin ɗinki, na jijiya kuwa sun ɗan jiƙe da farko, daga nan suka tsaya, domin jijiya tana kumbura idan ta sha ruwa har ta toshe ramin allura. Masu ɗinki da dama a Nunavut, yankin Inuit na arewacin Kanada, a yau suna amfani da zaren roba mai kakin zuma saboda sauƙinsa, amma a ganina wanda bai taɓa ɗinki da jijiya ba, rabin hikimar aikin kawai ya gani.

Hikimar kuma tsohuwa ce. Gawawwaki takwas da aka gano a Qilakitsoq, kusa da Uummannaq a Girinlan, a shekarar 1972, waɗanda aka kiyasta sun rasu wajen 1475, an same su da tufafinsu da takalmansu na fata, ɗinkin yana nan bai warware ba. Shi ma Roald Amundsen, matafiyi mai bincike ɗan ƙasar Norway, a zamansa na Gjoa Haven da ke arewacin Kanada daga 1903 zuwa 1905, wajen Netsilik, Inuit ɗin wannan yanki, ya koyi sa kayan fata, ilimin da ya amfane shi a tafiyarsa ta ƙarshen kudancin duniya a 1911.

Abin da ke gabana yanzu shi ne tattarar tafin a wajen yatsu da diddige, inda ake tanƙwaro fata sama kamar bakin ƙwarya, a jera ƙananan ninki masu tazara ɗaya. Matan Inuit sukan tauna fatar ugjuk har ta yi laushi, su kafa ninkin da haƙori ko da farcen babban yatsa, kuma da yake ba a jeme ta irin tamu ba, idan ta bushe sai ta riƙe siffar da aka ba ta. Ƙirgin da ya sha bagaruwa yana da taurin kai a nan, yana saki da zarar an ɗaga hannu. Don haka na jiƙa ɗanyar fatar sa da aka cire wa gashi kawai, zan fara da tafin ƙafar yaro, in auna da taƙi da yatsu kamar yadda suke yi, ba da takarda ba. Wanda ya riga ni gwada tattara a kan ɗanyar fata, ina neman shawararsa game da yawan jiƙon da take bukata kafin a fara ninki.