Kumburin da ba ya fitowa fili: abin da na auna da abin da na rage

Mace ta haura arba'in da biyar, jiki ya yi ta ciwo ba ƙari ba targaɗe, gajiya ba ta wucewa ko an yi barci, tumbi na ƙaruwa alhali ba a ƙara loma ba. A nan Jos sai mu ɗora wa sanyi laifi, mu wuce kemis. Haka na yi ta yi kafin na zauna na bi abin daki-daki.

Kumburin da nake nufi ba irin na maruru ba ne da za ki gani ki taɓa. Garkuwar jiki ce ke zama a kunne kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Idan al'ada ta fara ɗaukewa, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin jikin mace da ake kira isturojin yana ja baya, kitse kuma ya bar cinya da ɗuwawu ya koma cikin ciki, ya kewaye hanji da hanta. Wannan kitsen ba ya zama shiru. Yana fitar da sinadaran da ke sa hanta ta ƙara samar da wani furotin da ake kira CRP, mai nuna kumburi a jiki, kuma tafiyarsa ɗaya da ciwon suga, hawan jini da toshewar jijiyoyin zuciya.

Awon farko ba ya buƙatar asibiti, tef ɗin tela ya isa. Ki tsaya, ki lalubo ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, ki ɗora tef a tsakiyarsu, ki saki numfashi sannan ki karanta. Kada ki matse ciki, kada ki auna a kan zani. Santimita 80 gargaɗi ne, 88 zuwa sama kuwa haɗarin ya yi yawa. Wata hanya mai sauƙi: kada ƙugu ya kai rabin tsayinki.

Gwajin jini shi ne hs-CRP, mai auna CRP ɗin nan ko da ɗan kaɗan ne, kuma a nan na yi kuskuren da ya ci min kuɗi. Ƙasa da miligiram 1 a lita yana da kyau, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 ya hau. Ni na je ne kwana kaɗan bayan zazzaɓin cizon sauro, sakamako ya haura 10, hankalina ya tashi a banza. Maleriya, mura, ciwon mafitsara, ruɓaɓɓen haƙori, duk suna harba shi sama. Ki bari sai kin warke sarai, ki yi sau biyu da tazarar mako biyu. Ki haɗa da awon hawan jini da na suga. A gwajin suga na HbA1c, kashi 5.7 zuwa 6.4 na nufin kina bakin ƙofar ciwon suga, 6.5 kuwa an shiga. Mai sikila ko mai ƙarancin jini ta faɗa wa likita, domin wannan gwajin yakan yi musu ƙarya.

A kicin, ragewa ta fi ƙari amfani. Na fara da abin sha. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a tsaya wajen cokali 6 a yini. Zoɓo da kunun zaƙin da ake sayarwa a gora ma ba su da gaskiya, sai dai ki dafa naki ki sa citta da kanumfari, ki hana shi sukari. Na biyu man suya. Man da aka soya ƙosai, aka soya dankali, aka juye a galan har ya yi duhu yana kumfa, ki zubar da shi ko da yana miki zafi. Na uku dunƙulen miya: gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya kai giram 5 ba, wato cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙule yawancinsa gishiri ne. Na rage rabi, na cike da daddawa.

Abin da na ƙara duk yana kasuwar Farin Gada. Rabin faranti ganye: kabeji, alayyahu, rama, zogale. Kwata wake ko kifi, sauran kwatan tuwo ko acca. Kifin Titus ko sadin sau biyu a mako, a gasa ko a jefa a miya. Gwaten acca mai yawan ganye ya fi min farar shinkafa riƙe ciki. Dankalin Turawa ba laifinsa ba ne, soyawar ce.

Motsa jiki minti 150 a mako, wato minti 30 kwana biyar, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Lokacin hunturu fitar asuba ta gagare ni, sai na mayar da ita bayan la'asar. Kwana biyu a mako kuma aikin ƙarfi: tashi daga kujera ba dafawa sau 10, zagaye uku, da ɗaga gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a kowane hannu. Aikin gida yana gajiyarwa, amma bai cika kai bugun zuciya inda ake so ba.

Abubuwa biyu mata ba sa kawo su a lissafi. Dasashin da ke jini in an yi aswaki ciwo ne mai ɗaga CRP, a je a wanke haƙora. Sai hayaƙin icce da gawayi a rufaffen kicin, musamman da muke toshe tagogi saboda sanyi.

Haɗin maganin ciwon jiki na kemis shi ya fi ba ni tsoro. Shan diclofenac da ibuprofen kullum yana cin ciki da ƙoda, wani haɗin kuma akwai dexamethasone a ciki, mai kwantar da ciwo yau ya tayar da suga da hawan jini gobe. Idan gaɓoɓin yatsu sun kumbura suna sandarewa fiye da rabin awa da safe, ko kina ramewa ba dalili, ko tari ya wuce mako biyu, ko jini ya dawo bayan shekara da ɗaukewar al'ada, wannan ba na kicin ba ne, ki ga likita a makon.

Tef ɗin ina ɗaukarsa sau ɗaya a wata, da safe kafin karyawa. Gwajin jinin kuma sai bayan wata uku nake maimaita shi.