Makin Alhaji da lissafin ɗan acaɓa

Yau da safe a teburin mai shayi nan Agege, wani Alhaji mai harkar shanu a Abbatuwa, mayankar nan ta Legas, yake nuna mana wayarsa. Wai kamfanin jirgin da yake bi zuwa Kano ya tara masa maki, saura ƙiris ya samu tikitin kyauta. Ana ta ma sha Allah, sai wani yaro ɗan acaɓa, hular kwano a kan gwiwa, yana tsoma burodi a shayi, ya ce, "Alhaji, da mu ma ana ba mu maki kan kowace kilomita, ai da tuni na sauke farali." Kowa ya kwashe da dariya, ban da shi. Fito da kuɗi ya yi daga aljihu, duk sun cukurkuɗe, yana ware na mai gefe, na balas, wato kuɗin da ake kai wa mai babur, gefe.

Abin ya tsaya mini a rai. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta Sanwo-Olu ta hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi uku, babur ɗin da aka kama kuwa murƙushe shi ake yi. A 2023 aka cire tallafin mai. Ban ce gwamnati ba ta da hujja ba, wasu yaranmu tuƙinsu sai addu'a. Amma wannan yaron, in ya cire mai da balas, anya abin da ya rage zai kai a aika gida?