Ɗigo guda a kan taswira

Ina Yamai ranar 8 ga Janairun 2008 lokacin da nakiya ta tashi da motar Abdou Mahaman, shugaban gidan rediyon R&M, a unguwar Yantala. Wata guda kafin nan an ga irin haka a Maraɗi da Tawa. Da can muna ɗaukar nakiya abin arewa ne, cikin duwatsun Ayir inda ake gwabzawa da ƴan tawayen MNJ. Bayan wasu shekaru sai ga ni gaban kwamfuta ina tattara bayanan wuraren da aka binne ta.

Ban taɓa shiga fili da na'urar neman ƙarfe ba. Takardu ke iske ni a buro: rahoton jandarmomi, na likita, na hakimi, da na ma'aikatan da ke zaga ƙauyuka suna tambayar jama'a. Ni ke shigar da su cikin IMSMA, manhajar adana bayanan nakiyoyi ta GICHD, cibiyar ayyukan kwance nakiya da ke Janeba, wadda aka fara aiki da ita a Kosobo a 1999. Daga abin da na shigar ake fitar da taswirar da masu tono za su bi.

Akwai kuskuren da har gobe ba na mantawa. Wani rahoto ya zo da rubutun hannu, lambar wurin a taswira digiri 18 da minti 45, ni kuwa na buga 18.45. Minti 60 ke cika digiri guda, ke nan 18.75 ya kamata in sa. Wannan ɗan bambancin ya kai kilomita 33 a ƙasa. Wani tsohon soja da muke aiki tare, wanda ya san yankin kamar yunwar cikinsa, ya tsaya bayana ya ƙura wa allon ido, ya ce, "Ƙanena, rahoton nan hanyar mota yake faɗi. Inda ka sa ɗigon nan ko akuya ba ta hawa." Jikina ya yi sanyi. Da taswirar ta fita haka, da ayari ya je ya ɓata kwanaki kan dutse, ainihin hanyar kuma tana nan a buɗe, motocin kasuwa na bi.

Sunayen wurare ma sun wahalshe ni. Ƙorama guda mai sunan Buzanci, jandarma ya rubuta ta yadda Faransanci ya ba shi, likita ya rubuta yadda kunnensa ya ji, sai haɗari ɗaya ya zama uku a lissafi. Makiyayi kuma ba ya ba ka kwanan wata, cewa zai yi bayan babbar salla ne, kafin ruwa ya sauka. Dole na koyi ajiye maganarsa yadda ya faɗa, kusa da ranar da muka kimanta.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne raba wurin da ake zato da wurin da aka tabbatar. In ka shafa wa fili ja don jita-jita kawai, ka raba mutane da rijiyarsu da makiyayarsu, wani lokaci shekara da shekaru. Nijar ta shiga yarjejeniyar Otawa ta hana nakiyoyin da ake ɗana wa mutane a 1999, hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai ce ke kula da lamarin, kuma ƙasar ta sha neman ƙarin wa'adin kwashe nakiyoyi saboda nakiyoyin zamanin Faransa da aka gano a Madama, kusa da iyakar Libiya. Duk irin wannan buƙatar da alƙaluman fili ake kare ta, mita nawa aka share, nawa suka rage.

Yanzu rahotannin sun fi fitowa daga Difa da Tilaberi, na bama-baman haɗin gida da ake binnewa kan hanya. Kafin in adana kowanne sai na kira wanda ya rubuta shi, na ce ya karanto mini lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya kuma gaya mini abin da ke kusa da wurin, rijiya ce ko gawo ko mararraba.