Fuskar aboki da farin ƙyallen jirgi: inda na kai a koyon hoto a Zanzibar

'Yan uwa masu koyon ɗaukar hoto, barkanku da ƙoƙari. Rahoton wannan karon daga bakin teku ya fito. Adashi muka yi da abokai, da kwasa ta zo muka nufi Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya da ke cikin Tekun Indiya, a watan Janairu. Lokacin iskar Kaskazi ne, wadda ke kaɗowa daga arewa maso gabas tun daga Disamba har wajen Maris, kafin iskar Kusi ta juyo daga kudu. Da waɗannan iskoki biyu jiragen katako suka yi ɗaruruwan shekaru suna fatauci tsakanin Oman da Indiya da gaɓar gabashin Afirka, kuma irin jiragen ne muka shiga daga Nungwi, can ƙuryar arewacin tsibirin. Namu matsakaici ne, wanda suke kira mashua, da ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku da iska ke turawa, da ɗan inji a baya saboda ranar da iska ta ƙi.

Maganar motsi ba ta da tsawo. Jirgi na rawa, kai kana rawa, wanda kake ɗauka yana rawa, don haka ƙafar kamara ba ta da amfani, ku bar ta a masauki. Saurin shata, wato ɗan lokacin da kamara ke buɗewa haske ya shiga, na tsayar a 1/1000 na daƙiƙa, wani lokaci 1/2000 idan ruwa na fantsama, ƙofar haske a f/8, ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, tsakanin 100 da 400, tunda haske ya yi yawa har ya ishi kowa. Ka ware ƙafafu, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, kada ka jingina kamara da jikin jirgi in inji na aiki, domin karkarwarsa tana shiga hoto. Ka kunna layukan allo don layin da ruwa ya haɗu da sama ya miƙe, ka kuma bar fili a gefe saboda gyaran karkata daga baya yana cin gefen hoto. Wannan duk hannu yana sabawa da shi da wuri.

Abin da ya ci mini lokaci, wanda kuma nake ganin ya shafe mu fiye da masu rubuta yawancin darussan da muke karantawa, shi ne fuska. Mu baƙaƙen fata ne. Ka zaunar da abokinka a jirgi, bayansa farin ƙyalle, ƙasansa ruwa na walƙiya, samansa rana tsaye, ka bar kamara ta yanke hukunci da kanta: ruwa zai fito shar, ƙyalle zai fito tas, shi kuwa sai haƙora da fararen idanu. Dalilin a fili yake. Ma'aunin hasken kamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa ruwan toka matsakaici, wanda ake ƙiyastawa da kashi 18 cikin 100 na hasken da abu ke mayarwa. Idan fari ya cika hoto sai ta rage haske don ta dusashe farin, fuskar da dama ba ta mayar da haske da yawa sai ta nutse gaba ɗaya. Matsalar ma ta girmi kamarorin zamani. A shekarun 1950 katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton farar mace ne a jiki, aka daɗe ana auna kowace fata da shi. Na'urorin yau sun fi na da nesa ba kusa ba, amma har yanzu kai ne za ka gaya wa kamara wanda ka zo ɗauka.

Hanya ta farko da na gwada ita ce ƙara haske da maɓallin nan mai alamar +/-. Daga +0.7 zuwa +1 fuska tana dawowa, ƙyallen kuma yana nan da zarensa da ɗinkinsa. Da ka kai +2, fuska ta yi kyau amma ƙyalle ya ƙone, ya zama farin fili da babu komai a ciki, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa ko da a RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba. Allon kamara ba abin dogaro ba ne a cikin wannan rana, ba ka ganin komai a kansa sai fuskarka. Jadawalin haske nake dubawa, histogiram, in tabbatar tudun da ke cikin jadawalin bai je ya manne da bangon dama ba, wato ɓangaren fari. Hanya ta biyu ita ce auna haske a kan kunci kawai. Tana aiki, sai dai akwai tarko: kamara za ta ɗaga fatar zuwa wancan ruwan tokan, mutum ya fito ya fi yadda Allah ya yi shi haske, fatar ta yi fari-fari ba jini. Don haka bayan na auna a kunci nakan rage kamar rabin mataki zuwa mataki ɗaya a ma'aunin +/-, gwargwadon duhun mutum. A cikinmu akwai wankan tarwaɗa, akwai baƙi wuluk, kuma lamba ɗaya ba ta yi musu duka.

Amma duk wannan lissafi ne na raba ɗan abin da ke akwai. Abin da ya canza hotunan da gaske shi ne canza wa mutum wurin zama. Ƙyallen nan da ke ɓata hoto idan yana bayan mutum, shi ne fitila mafi kyau a jirgin idan yana gabansa. Da la'asar muna tafiya tsakanin ƙauyen Kendwa da tsibirin Tumbatu, rana ta bugi ƙyallen daga yamma, sai na ce wa babbanmu a tafiyar, "Yaya, don Allah dawo nan ƙarƙashin inuwa, ka fuskanci ƙyallen." Ya taso da kofin shayinsa mai citta ya zauna a kan igiyoyi. Ƙyallen ba fari fat ba ne, gishiri da rana sun mayar da shi ruwan madara, ga faci nan da can, saboda haka hasken da yake zubowa mai taushi ne, mai ɗumi, irin na zaure da hantsi. Furfurar gemunsa ta fito ɗaya-ɗaya, zanen hularsa ya fito, ga ɗigon haske a cikin kowane ido, bayansa kuma shuɗin ruwa mai duhu wanda bai yi gasa da fuskar ba. A 1/1000, f/5.6, ISO 320 na ɗauka, ban taɓa +/- ba. Tun daga nan kafin in ɗaga kamara sai na duba inda ƙyalle yake da inda rana take.

Masu waya, ku ma wannan ya shafe ku. Ku taɓa fuskar a allo, ku riƙe har ta kulle, sannan ku ja alamar rana sama kaɗan. Ku lura da HDR, tsarin da ke daidaita haske da inuwa a hoto ɗaya: tana ceto sararin sama, amma sau da yawa tana mayar da baƙar fata toka-toka.

Filtar kashe ƙyalli, folaraiza, ta biya kuɗinta. Kana juya ta a hankali sai ka ga ƙyallin saman ruwa ya janye, murjani da farin yashi na ƙasa sun bayyana, musamman a ruwan da ke kewaye da ɗan tsibirin Mnemba. Ta fi ƙarfi idan rana tana gefen kafaɗarka, ba gabanka ko bayanka ba, kuma tana cin haske wajen mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, sai ka ɗaga ISO. Ga abin da ban ga ana faɗa ba: tana kashe sheƙin fata ma. A fatarmu sheƙin goshi da karan hanci da kunci shi ne ke nuna siffar fuska. Ka kashe shi duka, fuska ta zama shafaffiya. In mutum nake ɗauka, rabi nake juya ta.

Wanda ke son hoton aiki ya jira lokacin juya jirgi. Irin wannan ƙyalle ba ya juyawa da sauƙi. Sai ma'aikata sun saki igiya, sun tura doguwar sandar da ke ɗauke da shi ta zagaya gaban ginshiƙi, ƙyallen ya yi ta bugun iska kafin ya sake cika. Ka tambayi matuƙi tun da wuri inda za ka tsaya kada ka tare musu hanya, ka sa kamara a ɗauka a jere, ka sa ido a kan hannaye da tafin ƙafa. Ni a ganina hoton hannu riƙe da jiƙaƙƙiyar igiya ya fi hoton faɗuwar rana guda ɗari, domin faɗuwar ranar kowa ya dawo da ita. Ita ma ba ta jira: Zanzibar na wajen digiri 6 kudu da tsakiyar duniya, rana na faɗuwa wajen bakwai saura a Janairu, kuma duhu na biyo ta nan da nan.

A tudu ban daɗe ba. Masassaƙan jirgi na Nungwi har yanzu da gizago suke aiki, suna cusa auduga a tsakanin katako don toshe ruwa, kuma inuwar da suke aiki a ciki tana da daɗin hoto. A Stone Town, tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2000, ƙofofin katako masu sassaƙa sun sha kamara har sun gaji; samarin da ke tsalle cikin teku daga katangar lambun Forodhani da yamma su suka fi jan hankalina, kuma 1/2000 suke so. Mutanen tsibirin galibi Musulmi ne masu kamun kai. Matan da ke noman ciyawar teku a ƙauyukan Paje da Jambiani aikinsu suke yi, ba ado aka ajiye wa baƙi ba. Ka yi sallama, ka nemi izini, in aka ce a'a ka sauke kamara. Yadda ba za ka so baƙo ya ɗauki mahaifiyarka a bakin rijiya ba tare da tambaya ba, haka su ma.

Gishiri kuwa maƙiyi ne. Ban canza gilashi a cikin jirgi ko sau ɗaya ba, guda na ɗaura mai zuƙowa daga 24 zuwa 105 na bar shi. Kada ka goge feshin teku da busasshen ƙyalle, ƙwayoyin gishiri na karce gilashi. Ka hura, ka ɗiga ruwan gogewa, sannan ka shafa. Da dare a goge jikin kamara da tsumma mai ɗan danshin ruwan daɗi. In ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyi, ka bar ta cikin jaka a rufe kamar minti 20 zuwa 30, in ba haka ba raɓa za ta rufe gilashin ciki da waje.

Sai hakkin abokan tafiya. Sun zo hutu ne, ba aikin hoto ba. Da aka sauke mu a tudun yashi aka gasa kifi, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, ajiye na'urar nan ka wanke hannu, kifi ba ya jiran mai hoto." Gaskiyarsa. Na lura kuma hotunan da suka fi so daga baya ba waɗanda na tsara su ba ne, waɗanda aka ɗauka ana gardamar ƙwallo ne, ko ana neman alƙibla da waya kafin sallar la'asar, ruwa na ta matsowa yana cin yashin.

Yanzu ina kan gyara a Lightroom, manhajar gyaran hoto. Ina ɗaga inuwa a kan fuska kaɗai, ba hoton duka ba, kuma ba na wuce inda fata za ta fara yin toka. In shuɗin ruwa ya hau kan kunci sai in ɗan ɗumama wurin. Abin da ya rage mini shi ne fuska a gaban faɗuwar rana, inda ƙyalle ba ya taimako saboda hasken ya yi rauni. Filasha ake buƙata mai ƙarfi kaɗan, wajen -1 zuwa -1.7, da leda mai launin lemo a bakinta don launinta ya dace da na yamma. Zan gwada a dam ɗin Tiga da kwalekwalen masunta, tunda ruwa da rana da baƙar fata duk muna da su a gida. Wanda a cikinku ya riga ya gwada filasha a kan ruwa, ya turo mana lambobinsa da hoton yadda ya fito kafin gyara.